Rundunar da Ba a San Mai Ita Ba: Kudancin Farisa a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Daga Bushehr da ke bakin Tekun Fasha zuwa birnin Shiraz tafiyar kusan kilomita 300 ce. A farkon ƙarni na 20 babu mota a wannan hanya, sai alfadarai da jakuna, kuma ayari kan yi kwanaki yana hawa daga ƙasar zafi mai dabino zuwa tudun da sanyi ke sauka. A tsakani akwai mashigai huɗu na duwatsu, biyu daga cikinsu mutanen yankin suka sa musu sunan Budurwa da Tsohuwa, wato Kotal Dukhtar da Kotal Pirzan, inda a wasu wuraren dabba ɗaya ce kawai ke iya wucewa. Shayi da sukari da yadi suna hawa, darduma da ƙaro da ofiyom suna sauka. Kowane zango yana da khan ɗinsa, kowane khan yana da 'yan bindigarsa, kuma ba a wuce shi sai an biya kuɗin hanya da ake kira rahdari. Wanda ya fahimci wannan hanya ya fahimci rabin abin da ya faru a lardin Fars tsakanin 1915 da 1919, domin kusan duk jinin da aka zubar, a kanta ko a gefenta aka zubar da shi.

Iran, wadda Turawa ke kira Farisa a lokacin, ta shiga shekarun yaƙin ne da sarki matashi, Ahmad Shah na gidan Ƙajar, wanda aka naɗa masa rawani a watan Yulin 1914 yana ɗan shekara 16. A ranar 1 ga Nuwamba gwamnatinsa ta shelanta cewa ba ta tare da kowane ɓangare. Shelar ba ta da ƙarfin da za ta tsaya a kai. Tun 1907 Ingila da Rasha sun zauna sun raba ƙasar a takarda ba tare da sun tambayi masu ita ba: arewa ta Rasha, kudu maso gabas ta Ingila, tsakiya kuma aka ce ba ta kowa. Rundunonin da ke da ɗan tsari guda biyu ne, kuma dukansu baƙi ke jagoranta. Dakarun Kosak suna hannun hafsoshin Rasha tun 1879. Jandarmomin da aka kafa a 1911 don tsaron hanyoyi suna hannun hafsoshin Suwidin, kuma yawancin hafsoshinsu, 'yan ƙasa da baƙi, zuciyarsu na wajen Jamus. Ga kuma man fetur. An haƙo shi a Masjid Sulaiman a 1908, aka gina matata a Abadan, sannan a 1914 gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin domin jiragen ruwanta na yaƙi sun fara barin kwal suna komawa mai. Daga nan kudancin Iran ya zama wurin da Landan ba za ta iya kau da ido ba.

A Fars kuwa gwamnan da Tehran ke turowa baƙo ne a tsakanin giwaye biyu. Ta farko ita ce Ƙashƙai, haɗakar kabilun makiyaya masu jin Turkanci, waɗanda ke cin sanyi a ƙasar kudu wajen Firuzabad, idan zafi ya taso su kora garkunansu zuwa tuddan arewa wajen Semirom. Burtalinsu na bi ta kusa da Shiraz, ya yanke hanyar Bushehr, sau biyu a shekara. Shugabansu, mai sarautar ilkhani, shi ne Isma'il Khan Saulatud Daula. Ta biyu ita ce Khamsa, kabilu biyar da gwamnatin Ƙajar ta haɗa wuri guda a farkon shekarun 1860 musamman don su zama kishiyar Ƙashƙai, ta danƙa su ga gidan Ƙawamul Mulk, attajiran cikin birnin Shiraz. Gabar gidajen nan biyu ta girmi yaƙin duniya, kuma ta yi tsawon rai bayansa. Tun da daɗewa gidan Ƙawam ya jingina da Ingila, don haka duk wanda ke gaba da Ƙawam ba ya buƙatar Bajamushe ya koya masa ƙin Ingilishi.

Na faɗi haka ne saboda rahotannin Ingila na lokacin sun ɗora kusan komai a wuyan mutum ɗaya, Wilhelm Wassmuss. Ya taɓa zama ƙaramin jakadan Jamus a Bushehr kafin yaƙi, yana jin Farisanci, ya san khanonin gaɓar teku. A farkon 1915 ya dawo ta Bagadaza da ɗan kuɗi da takardun kiran jihadi. Wani khan mai ƙawance da Ingila ya kama shi a hanya, ya kuɓuce cikin dare ya bar kayansa, ya isa Shiraz, daga baya ya zauna cikin mutanen Tangistan da ke gaɓar teku kusa da Bushehr yana sa tufafinsu. Jarumi ne kuma mai dabara, ba a musa masa wannan. Amma kuɗin hannunsa kaɗan ne, abin da ya fi rabawa alkawari ne da takardun bashi, yana cewa Jamus za ta biya idan ta ci yaƙi. Wutar da ya hura, ya same ta da garwashinta. Tun 1911 Ingila ta tura sojojin dawakai na Indiya zuwa Shiraz saboda rikicin kuɗin hanya. A 1913 jiragen ruwanta sun yi wa ƙauyukan gaɓar Tangistan ruwan wuta. Sannan a ƙarshen 1914, da sojojinta suka sauka Basra, manyan malaman Najaf da Karbala suka ba da fatawar a yaƙe su, kuma fatawar ta isa masallatan Fars.

A watan Yulin 1915 mayaƙan Tangistan suka kai farmaki bayan garin Bushehr suka kashe hafsoshin Ingila biyu. Jagororinsu uku ne: Ra'is Ali na Delwar, Zayir Khidir Khan na Ahram, da Shaikh Husain Khan na Chah Kutah. Ingila ta mayar da martani ta mamaye Bushehr a ranar 8 ga Agusta, ta sauke tutar Iran, har ta buga hatiminta a kan kan sarkin gidan waya. Kwanaki kaɗan bayan haka jiragen ruwa suka je Delwar, sojoji suka sauka suka rushe ƙauyen, suka sassare itatuwan dabino. Wanda ya san shekarun da dabino ke yi kafin ya fara haihuwa ya san cewa wannan hukunci ne da zai kai har kan yaran da ba su riƙe bindiga ba. Ra'is Ali bai daina kai hare-haren dare ba sai a farkon Satumba, lokacin da harsashi ya same shi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Abin da mutanen yankin suka riƙe shi ne daga baya aka harbe shi, da hannun wani daga cikin nasu. A yau gidansa a Delwar gidan tarihi ne, kuma ranar mutuwarsa ce Iran ta ware don tunawa da gwagwarmaya da mulkin mallakar Ingila.

Shiraz ta fita hannun Ingila a ranar 10 ga Nuwamban 1915. Jandarmomi ƙarƙashin Manjo Ali Ƙuli Khan Pisyan suka kewaye ofishin ƙaramin jakada Frederick O'Connor, suka kama shi da sauran Ingilishin garin. Matan aka sake su suka tafi Bushehr, mazan aka kai su ganuwar Zayir Khidir a Ahram, inda suka zauna har Agustan 1916 kafin a yi musayarsu da fursunonin Tangistan. An kori Ƙawam daga birninsa. A daidai wannan wata sojojin Rasha suka doso Tehran, 'yan kishin ƙasa na majalisa suka yi hijira zuwa Ƙum, daga baya suka kafa gwamnatin wucin gadi a Kermanshah. A Kerman da Yazd da Isfahan ma ƙananan tawagogin Jamus sun sa Ingilishi tattara kaya. Abin da ya fi tayar da hankalin gwamnatin Ingila da ke mulkin Indiya shi ne wata tawagar Jamus ta riga ta ratsa hamada ta isa Kabul. A gabas aka ja shingen sojoji a kan iyaka, kuma wanda aka tura ya murƙushe kabilun Baluchi na Sarhad a 1916 shi ne Reginald Dyer, mutumin da bayan shekara uku ya sa aka buɗe wa taron jama'a wuta a Amritsar.

Ingila ba ta da sojojin da za ta tura, domin Faransa da Iraƙi sun cinye su. Sai aka yanke shawarar a kafa runduna daga 'yan ƙasar, hafsoshin Ingila su jagorance ta, ta maye gurbin jandarmomi. Aka ba Sir Percy Sykes aikin. Ya yi sama da shekara ashirin a Iran, shi ya buɗe ofishin jakadanci a Kerman, ya yi shekaru a Mashhad, ya rubuta tarihin ƙasar. Sai dai ya daɗe da barin aikin soja na zahiri, kuma bai taɓa jan babbar runduna ba. Ya sauka Bandar Abbas a watan Maris 1916 da hafsoshi 'yan ƙalilan. Da sojojin Indiya kimanin 500 ya kama hanya, ya shiga Kerman a Yuni, ya bi ta Yazd da Isfahan, ya iso Shiraz a Nuwamba bayan tafiyar kusan kilomita 1,600. Kafin ya iso al'amura sun juya. Ingila ta ba Ƙawam makamai da kuɗi ya nufo gida, ya faɗo daga doki a hanya ya mutu, ɗansa Ibrahim Khan ya gaji sarautar ya shiga birni. Ali Ƙuli Khan ya kashe kansa da ya ga an ci su. Sabon gwamna kuma shi ne Yarima Farmanfarma, tsohon abokin Sykes tun zamansu a Kerman, wanda shi ma yana karɓar tallafin kuɗi daga Ingila.

Sunan rundunar a takarda South Persia Rifles, mutanen gari kuwa suna ce mata 'yan sandan kudu. An tsara ta kai mutum 11,000, ba ta taɓa kaiwa ba. Don ya cika ta da sauri Sykes ya kwashi jandarmomin Fars ya zuba a ciki, wato mutanen da shekara guda da ta wuce su ne suka kama ƙaramin jakadan Ingila. Suna bin gwamnati bashin albashin watanni, ba su da tufafin kirki, suka karɓi aikin don ciki. Gwamnatin Indiya ta nuna shakka tun a lokacin, kuma tana da gaskiya.

Babbar matsalar dai ita ce ba wanda zai iya faɗin takamaiman mai wannan runduna. A baki ta Shah ce, da sunansa ake ɗaukar kurata, tutarsa ake ɗagawa. Kuɗinta Landan da Delhi ke raba biya. Siyasarta na hannun jakadan Ingila a Tehran, Sir Charles Marling, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Makamai da hafsoshi da sojojin da ke mara mata baya daga Indiya suke zuwa, kuma babban kwamandan Indiya yana son umarni ya zama nasa tunda jinin mutanensa ne. A cikin Shiraz kanta akwai ƙaramin jakada mai nasa ra'ayin kan yadda za a yi da kabilu. Wayar tangaraho tana yawo tsakanin birane huɗu a kan abin da ya kamata a yanke cikin yini ɗaya. Tehran kuma ba ta tsaya a magana ɗaya ba. Yarjejeniyar da aka shirya a Agustan 1916 don halatta rundunar ba a tabbatar da ita ba. Gwamnatin Wusuƙud Daula ta amince da ita a Maris 1917, ta faɗi bayan 'yan watanni, waɗanda suka biyo baya suka janye amincewar. A farkon 1918 gwamnatin Iran ta fito fili ta kira ta rundunar baƙi mai barazana ga 'yancin ƙasa. A tuna da talakan soja ɗan Shiraz da ke tsaye a bakin bariki. Hafsan da ke ba shi albashi ya ce masa Shah yake wa aiki, ministocin Shah sun ce shi ɗan koren baƙi ne, limamin unguwarsu kuma ya ce aikinsa haram ne. Ban ga laifinsa ba idan ya rasa inda zai sa kansa.

Gwajin farko bai yi kyau ba. A Disambar 1916 Nasir Diwan, shugaban garin Kazerun, ya kori 'yan rundunar daga garinsa. Sojojin da aka tura daga Shiraz aka tare su a mashigin Tsohuwa aka mayar da su baya. Daga ranar hanyar Bushehr ta rufe ga Ingila har tsawon shekara biyu, kuma duk harsashi da buhun gari sai ya zagayo ta Bandar Abbas, tafiyar makonni a bayan dabba. Shekarar 1917 ta zo da ɗan sauƙi. An ƙaro sojoji daga Indiya, aka yi sulhu da Saulat a kan zai tsare hanya a biya shi. Rundunar ta shiga kai hare-haren ladabtarwa kan ƙananan kabilun da ake zargi da fashi, tana rushe ganuwoyinsu tana kora tumakinsu. Fashi ya ragu a wasu hanyoyi, fatake sun ji daɗi, wannan gaskiya ne. Amma Saulat yana kallo, yana ganin runduna mai bindigogin zamani tana kafa barikoki a kan burtalin mutanensa, tana karɓe aikin tsaron hanya wanda shi ne tushen kuɗinsa da girmansa, kuma abokan shawararta su ne Ƙawam da Farmanfarma.

Kan wannan sai ga yunwa. Ruwa ya ƙi sauka, amfanin gona ya lalace, rundunonin Rasha da Usmaniyya da Ingila sun tattake arewa da yamma suna saye ko ƙwace hatsi, masu rumbuna suka ɓoye nasu suna jiran farashi ya hau. Tsakanin 1917 da 1919 yunwa da cututtuka sun kashe 'yan Iran masu yawan gaske, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan miliyan 2 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da wani abu ba. A irin wannan shekara, rundunar da ke sayen alkama da sha'ir don dubban sojoji da alfadarai ba ta buƙatar wani ya ɓata mata suna. A waje kuma Rasha ta fice daga yaƙi bayan juyin juya halin 1917, Jamus ta kutsa a Faransa a Maris 1918, har mutane da yawa suka ɗauka Ingila ta kusa faɗuwa.

Abin da ya kunna wutar ƙarami ne. A watan Mayun 1918, lokacin ƙaurar bazara, 'yan rundunar da ke zangon Khan Zinyan a kan hanyar Kazerun suka kama wasu mutanen Darrashuri, ɗaya daga kabilun Ƙashƙai, bisa zargin sata. Danginsu suka kewaye zangon. Cikin kwanaki Saulat ya shelanta yaƙi, ya ce yana kare Musulunci ne kuma yana bin matsayin gwamnatin Tehran, wanda a takarda ba ƙarya ya yi ba. A ranar 25 ga Mayu Kanar Orton ya fita da sojojin Indiya suka gwabza yini guda a Deh Shaikh, suka kora Ƙashƙai baya. A daidai lokacin 'yan rundunar da ke Khan Zinyan suka kashe Ingilishi biyu da ke jagorantarsu suka buɗe ƙofa. Daga nan Sykes ya san cewa rundunar da ya yi shekara biyu yana ginawa ba abin jingina ba ce. Ɗaruruwa suka gudu da bindigoginsu. Wasu aka ƙwace musu makamai, wasu aka harbe su don tsoratar da saura. Abin da ya rage masa na gaske sojojin Indiya ne 2,000 da ɗoriya.

A watan Yuni dubban mayaƙan Ƙashƙai da mutanen Kazerun suka zagaye Shiraz, suka shiga lambunan bayan gari, suka datse ruwan da ke juya injinan niƙa. Kasuwa ta rufe, malamai suna wa'azin jihadi, kwalara ta ɓulla. A Abadeh, can arewa a hanyar Isfahan, an tsare wata ƙaramar runduna daga ƙarshen Yuni har tsakiyar Yuli, yawancin 'yan ƙasar da ke cikinta suka koma wajen masu kewayen. Orton ya sake fita ya yi nasara a Ahmadabad a tsakiyar Yuni. Sai dai makiyayi a kan doki ba ya tsayawa a ci shi da yaƙi, yana watsewa cikin duwatsu gobe ya dawo.

Abin da ya karya Saulat daga cikin gidansa ya fito. Farmanfarma, da kuɗin Ingila a hannu, ya tuɓe shi daga sarautar ilkhani ya naɗa ɗan'uwansa Ahmad Khan Sardar Ihtisham, wanda suke uba ɗaya kuma suka daɗe suna takarar kujerar. Wani babban khan na Kashkuli ya sauya sheƙa da mutanensa. Ƙawam, wanda ya yi makonni yana jira ya ga inda iska za ta kaɗa, ya fito da mayaƙan Khamsa. A farkon Yuli aka kori Saulat daga kewayen Shiraz, aka bi shi har Firuzabad. Wannan ita ce tsohuwar dabarar sarakunan Ƙajar ta haɗa ɗan'uwa da ɗan'uwa, kuma basaraken Ƙajar ne ya aiwatar da ita, hafsoshin Ingila nasu biya ne da manyan bindigogi. Saulat bai mutu ba. A Oktoba ya dawo ya kewaye ɗan'uwansa a Firuzabad, sai da Orton ya sake zuwa ya cece shi.

A makon da aka yi wannan faɗan murar 1918 ta sauka a Fars. Ta sami mutanen da yunwa ta riga ta cinye, a farkon sanyi, babu magani, babu masu jinya. Sykes ya ƙiyasta cewa Shiraz ta rasa mutum 10,000 daga cikin 50,000. Sojojin Indiya suka riƙa mutuwa a tantuna, matasa majiya ƙarfi daga Punjab da Baluchistan waɗanda ba su da gona ko gaba a wannan ƙasa. A rugagen Ƙashƙai an sami tantunan da ba wanda ya rage ya binne wani, garkuna suna yawo babu makiyayi. Yaƙin ya tsaya ne don ba mai ƙarfin ɗaga bindiga a kowane ɓangare.

Daga baya Indiya ta yi abin da ta ƙi yi tun 1916. Ta tara babbar runduna a Bushehr ƙarƙashin Janar Douglas, aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa zuwa Borazjan, aka gyara mashigan duwatsu, a ƙarshen Janairun 1919 aka shiga Kazerun, wata biyu da rabi bayan an daina harbi a Turai. Kafin nan an kira Sykes gida bayan doguwar jayayya tsakanin Landan da Delhi da Tehran kan wanda ya jawo rikicin, Orton ya karɓi ragama. South Persia Rifles ta ƙara sama da shekara biyu. Lord Curzon na ma'aikatar harkokin wajen Ingila ya so ya mayar da ita ginshiƙin sabuwar sojan Iran ta hanyar yarjejeniyar Agustan 1919, amma labarin kuɗin da aka ba ministoci uku da suka ƙulla ta ya fasu, ƙasa ta ƙi ta, majalisa ba ta taɓa amincewa ba. A Fabrairun 1921 Reza Khan, hafsan Kosak, ya shiga Tehran da sojojinsa. Bai yarda da runduna mai hafsoshin Ingila ba, Landan kuma ta gaji da biya. Kafin ƙarshen shekarar aka rushe ta.

Wassmuss an kama shi a 1919 aka mayar da shi Jamus. Bashin da ya ci da sunan ƙasarsa bai bar shi ya huta ba. A 1924 ya koma ya buɗe gona a Chaghadak kusa da Bushehr da niyyar ya biya khanonin daga amfaninta. Gonar ta karye, magadan abokansa suka kai shi kotu, ya koma Berlin ya mutu a 1931 ba shi da komai. Saulatud Daula ya sake samun sarautarsa bayan yaƙi, har ya zauna a majalisa a Tehran, amma zaman na tsare ne a ƙarƙashin idon Reza Khan, wanda ya zama Reza Shah. Ƙashƙai suka yi tawaye a 1929, aka lallashe su, aka karɓe bindigoginsu, sannan aka hana su ƙaura aka tilasta musu zama wuri ɗaya, dabbobinsu suka riƙa mutuwa a ƙasar da ba ta iya ciyar da su shekara cur. An kama Saulat a 1932, ya mutu a kurkukun Tehran a 1933.